Miyar Tsululu

Jiya ina tsaye a kan tukunya na ji ɗaya daga cikinku, ku 'yan matan da ke koyon girki a wurina, tana gaya wa 'yar'uwarta wai ita ba ta ga abin koyo a miyata ba, tunda ruwa kawai ake ƙarawa. Ban tanka ba, don hannuna yana kan maburgi, kuma mai kaɗa kuka ba ta surutu. Yau da wuta ta mutu zan ba ku amsa. Sunana Dije, amma in kuka shiga kasuwar Batsari kuna neman Dije mai tuwo, sai kun sha yawo. Ku ce Tsululu, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna muku rumfata. Ba sunan yabo ba ne. Da shi aka yi mini ba'a, kuma ina so ku san yadda aka yi na karɓe shi.

Aikin farko da na yi da sunan sana'a abincin gayya ne a Zakka, can ƙasar Safana, a hannun Gwaggo Asabe, yayar mahaifina. Ita ake kira in za a ciyar da taro, ko na gona ko na suna. Kafin wannan rana na daɗe ina daka mata kuka da daddawa, ina wanke tukwane, ina hura wuta har idona ya saba da hayaƙi, ba ta taɓa barina na riƙe ludayi ba. Ranar ce ta miƙo mini maburgi ta ce in kaɗa. Na kaɗa iya ƙarfina. Ta ɗebo, ta zuba a kan malmalar tuwo, ta tsaya tana kallo. Miyar ta silale ta taru a ƙasan akushi.

Ta ce, "Ke Dije, wanga ruwan wanke-wanke ne kika kawo mani, ko mi?"

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Ta karɓi maburgin, ta nuna mini yadda ake barbaɗa kuka da hannun hagu kaɗan-kaɗan, dama tana murzawa ba tsayawa, har miya ta yi kauri kirtif ta zauna a kan tuwo ba ta motsi. Maburgin nan da kuke gani a rataye, mai baƙin kai, shi ne. Da shi ta sallame ni lokacin da aure ya kawo ni Batsari.

Ku fahimci abin da tsinkakkiyar miya take nufi a wurinmu. In mace ta kawo ta, cikin uku an yi ɗaya: ko rowa ce da ita, ko ƙyuya, ko kuwa gidan ya shiga wani hali ana ɓoyewa. Ba a faɗa mata a ido, sai ta juya baya. To balle mai sayarwa. Na yi shekaru a rumfar nan ana zuwa daga tasha, daga kara wurin masu dabbobi, daga layin masu hatsi, saboda miyata ba ta gudu. 'Yan acaɓa suna son yaji, Fulani masu kawo shanu suna son man shanu ya fito a ido, masu awo kuma sai sun yi ƙorafi ko da sun suɗe kwano. Kowa na san bakinsa, kuma duk cikinsu babu wanda ya taɓa ce mini in rage kauri.

Aikin da ya fi daɗewa a hannuna shi ne abincin gonar su Lawal. Lawal ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi. Suna da ƙungiya ta noma, yau a gonar wannan gobe a ta wancan, kuma gonakin duk suna can wajen Ruma, kusa da bakin daji. Kowace safiya yakan zo da babur, in ɗaura masa kuloli biyu na tuwo da miya da jarkar ruwa. Kuloli biyu ne saboda babbansu, Malam Garba, malamin allo ne kuma surukin Lawal, 'yarsa yake aure. Kun san ba za su sa hannu a kwano ɗaya ba. Ko haɗa ido ba su cika yi ba. Da la'asar Lawal ya dawo mini da kuloli a suɗe, jarka wayam.

Akwai Mamman a cikinsu, abokin Lawal tun suna kiwon awaki. Shi ne mai aiko mini da saƙo, wai a gaya wa Yaya Dije in ta bar girki shi ma ya bar noma.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ɓarayin daji suka hana mutanen yammacin nan sakat. Kun san ta, wasunku a shekarar iyayenku suka baro ƙauye. Itace ya yi wuya don babu mai shiga daji ya saro. Nono ya ɗauke. Rabin masu cin abincina suka watse. Amma manomi ba ya iya barin gona, sai dai ya je da ransa a hannu. Lokacin da dawa ta yi tsawon da take rufe mutum, wata rana da azahar Mamman ya ɗauki buta ya zaga bayan sabara. Suka jira shi, suka gaji, suka bi sawu. Butarsa suka tarar a ajiye, ko ruwan cikinta bai zube ba. Har yau babu wanda ya zo mana da labarinsa.

Bayan an kwana biyu suka koma gona, don hatsi ba ya jiran makoki. A nan na fara lura da jarka. Kuloli suna dawowa a suɗe kamar da, amma jarka tana dawowa da nauyinta. Na tambayi Lawal, ya ce akwai ruwa a can. Na san babu, amma na ƙyale shi. Haka aka ƙare damina, aka yi girbi, aka shiga aikin rani, Lawal ya rame ya yi baƙi, leɓensa kullum a bushe.

Ranar da ciwo ya kama shi, a nan gaban rumfar ne, da hantsi, yana ɗaure kula. Sai na ga ya dafe kwiɓi ya durƙusa. Lawal da ƙaho ya taɓa tsaga masa cinya bai yi ƙara ba, ranar yana birgima a ƙasa yana kiran sunan mahaifiyarmu. Ya yi amai, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka tafiya ce ta zo. Aka kai shi asibiti a nan, aka yi masa allura da ƙarin ruwa, suka tura mu Katsina. Can aka yi masa hoto aka ce tsakuwa ce a ƙoda, ta sauko ta toshe hanyar fitsari, ƙodar ta kumbura. Sai da aka yi masa aiki. Suka nuna mini ita a cikin 'yar roba, ba ta kai ƙwayar wake ba.

Likitan da ya sallame mu mutum ne mai haƙuri, ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce in mutum yana zufa a rana ba ya shan ruwa, fitsari yakan yi kauri, abin da ya kamata ya wanke ya fita sai ya kwanta ya daskare. Ni kuwa na gane, don na san abin da ke faruwa a gindin tukunyar da ruwanta ya ƙone. Ya ce wanda ya taɓa yi yana iya sakewa, kuma wannan ƙodar ta riga ta wahala, in wata tsakuwar ta sake toshe ta ba ya ba mu tabbacin za ta tsira. Ya ce Lawal ya riƙa shan ruwa har fitsarinsa ya yi fari-fari, musamman a tsakiyar rana.

Na ce, "Likita, ni ke ba shi abinci. Akwai abin da zan yi?"

Ya ce, "Akwai, Hajiya. Ruwan da ke cikin abinci ma ruwa ne. Koko, kunu, fate, romo, miya mai ruwa, kankana, gurji, duk suna ƙarawa. Amma ki rage gishiri da magi da kanwa, don gishiri mai yawa shi ma yana taimaka wa tsakuwa. Nama kada ya yi yawa, alayyafo ma haka. Ki riƙa matsa masa lemun tsami. Sai dai ki sani, abinci taimako ne, ba zai maye gurbin ruwan sha ba."

Lawal ya ce ya ji, ya gode. A gida yana sha, na shaida, matarsa ma ta shaida. Amma da damina ta dawo aka koma gona, jarka ta ci gaba da dawowa da nauyinta. Daga asuba har la'asar, a cikin wannan rana, ko kurɓa. Wata la'asar na riƙe jarkar ban sauke ba, na ce ya zauna.

"Lawal, so kake a sake yanka ka?"

Ya ce, "Yaya, ke ba ki gane ba. Ba ƙishirwa ce ba mu ji ba. Wallahi wani lokaci harshe har manne wa shi kai. Amma in ka sha, sai ka zaga. In ka zaga, kai kaɗai za ka. Mamman mi ya yi masu? Buta kawai ya ɗauka."

Na ce, "To ku riƙa yi kusa mana, ko wani ya raka wani."

Ya ɗago ya dube ni kamar na yi saɓo. "Kusa? Gaban Malam? Akwai uba da ɗa a cikinmu, akwai wa da ƙane. Ni da gemuna in ce ma ƙato ya raka ni bayan gari? Haba Yaya."

Sai a ranar na san ba Lawal kaɗai ba ne. Duk ƙungiyar sun daina shan ruwa a gona, ba tare da sun zauna sun yanke ba. Kowa ya ga ɗan'uwansa bai taɓa jarka ba, shi ma ya bari. Ruwan alwala kawai suke ɗiba. Tsoro ya hana su nisa, kunya ta hana su kusa, sai suka zaɓi ƙishirwa.

Na san abu ɗaya game da maza masu noma. Namiji zai iya kallon jarka ya kau da kai, babu wanda ya ɓata wa rai. Amma wanda ya yi huɗa tun safe ba ya mayar da abinci. Washegari na sauya tukunya.

A nan ne nake so ku buɗe kunne, ku masu cewa ruwa kawai ake ƙarawa. Ku gwada. Ku kaɗa miya ku tuttula mata ruwa a ƙarshe, ku ga yadda ruwa zai ware gefe, kuka ta ware gefe, ɗanɗano ya gudu ya bar ku. Miya mai ruwa daga ruwan ake fara ta. Ƙashi nake sawa tun da sassafe, ya dahu a hankali har ruwan ya yi jiki. Daddawa da albasa da citta su shiga da wuri, don su ne za su riƙe bakin mutum a inda gishiri ya ja baya. Kabewa nake dafawa ta narke in dame ta a ciki, ita ke haɗa ruwa da miya su zama abu ɗaya. Kuka kuwa rabin abin da hannu ya saba, kuma hannun da ya shekara talatin yana barbaɗawa ba ya jin magana, sai na riƙa ɗiba a murfi in ajiye sauran nesa. Magi na rage shi har ya kusa fita, kanwa na bar ta sai dole. Tuwon ma na sassauta shi. Wata rana in yi musu faten tsaki da kabewa, ruwa-ruwa. Na ƙara kula ta uku ta kunun tsamiya marar kauri, ba sukari sosai, da gurji ko kankana in an samu. Jarka kuma na matse mata lemun tsami, na ce ko ƙamshin zai ja wani.

Tukunya ɗaya nake ɗorawa, don itacen wannan shekara bai isa biyu ba, kuma da Lawal ya ga tasu daban da ta rumfa da ya gane da wuri. Saboda haka abin da ya tafi gona shi na zuba wa kasuwa. Wani ɗan acaɓa ya ɗaga kwano yana juya shi, ya ce, "Inna, yau kuma rijiya kika kaɗa muna?" Wani ya ce a ba shi ludayi, hannu ba zai iya ba. Kafin mako ya zagayo an daina cewa a je wurin Dije, sai a je wurin Tsululu. Mata suka ce talauci ne ya kama ni, wasu suka ce tsufa. Masu awo suka koma rumfar gaba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Ina zubawa ina jin muryar Gwaggo Asabe a kunnena.

Lawal ba wawa ba ne. Bai daɗe ba ya gane. Ya dawo wata la'asar ya dire kuloli da ƙarfi, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaya, mi kike sa muna? Yau tun azahar kowa na matse-matse, ba mai iya duƙawa. Kin san abin da kike yi kuwa? In wani ya zaga aka ɗauke shi, wa za ki ce ma?"

Tambayar da nake kwana da ita ke nan. Ni ina rumfa, su ke bakin daji. Na ce, "Na sani. Amma ni na ga abin da anka ciro daga cikinka, kuma na ji abin da likita ya ce. In ka ce in daina, gobe in kaɗa maku mai kauri, da sharaɗin jarka ta dawo wayam. In ba haka ba, wagga ita za ni ci gaba da yi. Ba ni iya zuba maka abin da na san shina busar da kai."

Ya hau babur ya tafi. Da safe na yi fate, na cika kula da kunu, na zauna ina jira, ban san ko zai zo ba. Ya zo. Ya gaishe ni a taƙaice, ya ɗaure kaya. Ranar ban iya cin komai ba, duk babur ɗin da ya wuce sai na ɗaga kai.

Da la'asar ba shi ya kawo kuloli ba. Malam Garba ne da kansa, a bayan wani babur, mutumin da bai taɓa taka rumfata ba. Na yi sauri na gyara mayafi na durƙusa.

"Malam, barka da yamma. An wuni lafiya? Ya gajiya, ya ibada, ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, Dije, alhamdulillahi. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a?"

"Da godiya, Malam. Allah dai ya sa lafiya?"

Ya ce lafiya. Ya zauna a bakin benci, ya ce, "Ɗiyata, miyarki ta kai ni bango yau. Tsoho ba shi da riƙon yaro. Da munka ci, na daure, na daure, na ga in ban tashi ba zan kunyata gaban ɗiyan cikina. Sai na ɗauki buta na ce, Lawal, hau surin can ka tsaya mani, ka ba ni baya ka ba daji ido."

Na rufe baki da mayafi. Suruki da suruki.

Ya ce, "Shi ma haka ya yi, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ya hau. Da na dawo na ce mashi, sauko, ni in hau. Na ce masu, kunyar da za ta kai mutum ga halaka ba ita addini ya sa mu ba. Kowa ya zaga yau, ɗaya bisa suri, ɗaya bayan sabara. Sannan munka buɗe jarka." Ya miƙo mini ita. Ba komai a ciki.

Kada ku ɗauka wai daga ranar tsoro ya ƙare. Mai hauya a kan suri ba ya tare mai bindiga. Abin da zai iya shi ne ya hango tun daga nesa ya yi kururuwa, kuma sun taɓa watsar da kayan aiki suka gudo saboda haka, kulata ɗaya ma a can ta kwana. Amma ruwa dai sun ci gaba da sha. Ni kuma ban koma wa mai kauri ba. Wasu masu cin abincina sun dawo, wasu ba su dawo ba. 'Yan acaɓa da ke wuni a rana su suka fara cewa a ƙara musu romo, suna faɗa suna dariya, suna kirana da sunan da suka sa mini.

Bayan girbi Lawal ya koma Katsina aka sake yi masa hoto. Daga tasha nan ya wuto, da rana tsaka, rumfa cike da mutane. Na tsaya da ludayi a hannu ina kallon fuskarsa. Ya zauna, ya ɗauki kwano ya miƙo.

Ya ce, "Babu sabuwa. Kumburin ya sabe, ƙodar tana aiki." Sannan ya ce, "Tsululu, zuba."

Tun da ya fara magana a duniya bai taɓa kirana da wani suna ba sai Yaya. Na amsa, na zuba masa. Ya kai kwanon baki ya kurɓa, sai ya sauke shi a gwiwa. Na ɗauka gishiri ne bai ji ba.

Ya ce, "Yaya, surin nan fa yana nan tun ranar da anka ɗauke Mamman. Da wani ya hau, da ya hango su."

Na ɗebo romo na ƙara masa, ya shanye.